Kwana Ashirin a Bukkar Agana

Yanzu in yaro ya kwanta da zazzaɓi, uwarsa takan goya shi a hau babur zuwa asibitin Gummi ko na Anka, in hanya ta yi lafiya, ta zauna a bakin gadonsa tana yi masa fifita. Jikokina ba su san agana ba, sun ɗauka da zanzanar nan aka haife ni. A zamanin ƙuruciyarmu kuwa, wanda agana ta kama, fitar da shi gari ake yi. Ni an fitar da ni ranar wata Laraba a tsakiyar bazara, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina ɗan shekara tara. Har yau ina tuna zafin da ke tasowa daga ƙasa, da yadda mutane suka tsaya nesa kowa ya toshe hanci da bakin riga ana wucewa da ni a kan jaki.

Tungarmu ƙarama ce, tsakanin Bukkuyum da Gummi, ba nisa da gulbi. Gida huɗu ne kawai na Kirista, sauran Musulmi ne manoma, sai Fulanin da ke sauka a fadama da rani. Majami'armu zaure ce mai jinka, Baba ne ke karanta mana Maganar Allah ranar Lahadi, don shi kaɗai ya iya boko a cikinmu. A sauran kwanaki ba ka bambance mu da kowa. Tare muke kai taki gona a mangala, tare muke sharar gona mu ƙone kara, in mun kora awaki fadama mu yi langa a kan yashi har wani ya fasa gwiwa, mu jefo aduwa mu tsotsa muna yamutsa fuska. Al'adarmu ma ɗaya ce da ta kowa. Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai yaro" take cewa, ko ta aiki ƙanena, "Ce wa wancan tuwo na hucewa." In na yi mata magana, turmi take kallo ta amsa. Ban taɓa jin haushi ba, don duk ɗan fari haka yake da uwarsa. Daga baya na zauna a Yamai da Garwa da Kumasi, na ga inda uwa ke kiran ɗanta na fari tun safe har yamma tana shafa kansa a bainar jama'a, sai abin ya riƙa ba ni kunya a madadinsu.

Lokacin da ƙurajen suka feso mini, Baba ya tafi cin rani kudu, Inna kuma tana goyon ƙanwata 'yar wata huɗu. Dattawa suka ce a kafa mini bukka a ƙarshen gonarmu. Wanda ya kai ni shi ne Baba Sanda, maƙwabcinmu Musulmi, wanda agana ta taɓa kamawa tun yana saurayi, don haka ba ta sake kama shi. Ya zuba yashi mai laushi a ƙasa maimakon tabarma, domin tabarma takan manne wa miki, ya kwantar da ni, ya ga ina kallon fuskarsa.

"Ɗan masu Lahadi, mi kaka kallo?" in ji shi. "Duba da kyau, madubinka ke nan. Ka gani, duk da wagga fuska na samu mata, kai ma wata mai haƙuri za ta ɗauke ka."

Sau ɗaya yake leƙo ni a yini. Abinci kuwa Inna ke kawowa da hantsi, amma ba ta isowa bukka. Akwai wata kuka mai tazarar jifa guda, a gindinta take ajiye kunu da ruwa a sakaina, tunda abin da na taɓa ba ya komawa gida. Sai ta ƙwanƙwasa ludayi a ƙwarya sau uku, alamar ta ajiye. In na fito, ba kowa sai sakainar. Kwanakin farko nakan tsaya in yi ta kira, "Inna! Inna!" Ba amsa sai kukan kurciya. A gida shirunta bai taɓa damuna ba, don ina ganinta. A nan kuwa ba na ganin komai, sai na fara cewa a raina tsorona take ji, ta ajiye ta ruga, ta riga ta cire ni daga cikin 'ya'yanta.

Wajen kwana na goma jikina ya zama miki ɗaya. Baba Sanda ya daina zuwa. Ashe cutar ta shiga wata tunga a ƙetaren gulbi, an tafi da shi ya taya su haƙa kaburbura, amma ba wanda ya gaya mini. Idanuna suka kumbura suka liƙe. Ƙudaje suna sauka a kaina, ba ni da hannun korarsu. Babana ya koya mana cewa Allah nagari ne, ba ya barin nasa, sai na yi ta addu'a iyakar yadda na iya. Da farko na roƙi warkarwa, sannan na roƙi a dawo mini da Baba daga cin rani, daga ƙarshe na ce ko wani ne ya zo ya zauna kusa da ni, ko bai ce komai ba. Ba wanda ya zo. Na tuna Baba ya ce Yesu ma a kan gicciye ya yi kuka yana tambayar Uba don me ya bar shi, amma wannan bai sanyaya mini rai ba. Cewa na yi, in har shi an bar shi, ni wane ne?

Washegari na ji ƙwanƙwasar ludayi, na kasa tashi. Ban ma gwada ba. Na kwanta ina jin rana tana hawa, harshena ya bushe kamar ƙirgi. Aka sake ƙwanƙwasawa, abin da ba a taɓa yi ba. Can sai na ji wata murya.

"Ishaya!"

Ban gane mai kiran ba, don ban taɓa jin sunana a wannan baki ba.

"Ishaya! In kana da rai, motsa zana in gani!"

Na miƙa ƙafa na tura zanar bukkar. Na ji jaririya ta fashe da kuka, sannan na tabbata Inna ce.

"Fito. Ba ni iya matsowa, ga ƙanwarka a bayana. Biyo muryata. Fito, ba a haifi rago gidanmu ba!"

Da rarrafe na fita, idanuna a rufe, ƙasa tana ƙona mini gwiwa. In na faɗi ta kira sunan, in na karkace ta ce, "Dama, kai, akwai ƙaya nan!" Ina matsowa ina jin muryar tana ja da baya, domin dole ta bar tazara tsakanina da goyonta. Da hannuna ya taɓa sakainar ruwa, ta riga ta yi nisa. Ta ce in sha a hankali, ta tsaya har na koma. Haka ta yi kwana huɗu, har Baba Sanda ya dawo.

Ranar kwana na ashirin aka wanke ni, aka cinna wa bukkar wuta. Idon hagu ya buɗe, na dama bai sake gani ba. Da na shiga gida Inna tana daka, ba ta ɗago ba, ta ce, "Kai yaro, ga fura can." Mata sun daɗe suna yi mata tsiya a rijiya: "Ke, ina kunyar taku? Har gulbi munka ji ki!" Ba ta sake kiran sunan ba har ta rasu. Baba Sanda ne ya gaya mini cewa tun ranar farko ba ta taɓa ajiye abinci ta tafi ba. Bayan kukar take laɓewa, tana jin ina kiranta, sai ta ga na ɗauka na koma sannan ta juya.

Ba zan ce na gane komai ba. Yara biyu na tungarmu aka fitar a wannan bazara bayan ni, su ma iyayensu mata sun tsaya a bayan itatuwa, kuma ba su dawo ba. Na yi aikin asibiti a ƙasashe uku, na ji ana tambayar Allah "don me" da Zabarmanci da Fulatanci da Faransanci, ban taɓa samun amsar da zan ba kowa ba.

Yau tungarmu kufai ce, 'yan bindiga sun watsa ta kamar yadda suka addabi Zugu da ƙauyukan kewaye. Ina so in je in ga gonar ko sau ɗaya, amma ba hanya. Kwanan baya 'yar ƙanwata ta kira ni daga inda suka yi gudun hijira a Gummi, ta ce, "Kawu, Allah ya manta da mu ne?" Na ce mata ban san dalilinsa ba, amma na tabbata yana ganinsu. Abin da nake da shi ke nan. Tun daga waccan bazara ta agana, in na yi addu'a na ji shiru, ba na cewa babu kowa.