Hannu a Aljihu a Gaban Baffa

Akwai wata safiya a Birnin Gwari da ba za ta fita a raina ba har in koma ga Allah, kuma duk abin da ya faru a cikinta a kan hannun hagun wani saurayi ne.

Lokacin ban daɗe da dawowa gida ba, bayan shekarun da na yi ina aiki a ƙasashen waje. A can na koyi wasan harbi da ƙaramar bindigar iska, wadda ake riƙewa da hannu ɗaya a harbi takarda daga nisan mita goma. Na yi shi a Masar, na yi a Indiya, na ɗan taɓa a Jamus. Harsuna sun bambanta, amma duk malamin da na tsaya a gabansa maganarsa ɗaya ce: gyara tsayuwarka kafin ka taɓa kunamar bindiga.

Da na dawo sai na tara samari a wani fili a bakin daji, inda itatuwan kaɗanya ke tare mana iska. Wancan zamani ne da mutum zai hau keke ya je Kutemeshi ya dawo da yamma, ba mai zaman zullumi a gida. Yanzu ko sunan bindiga ka ambata a gefen dajin nan sai an waiga.

Da farko ban ba kowa bindiga ba, tsayuwa kawai. Ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka raba musu nauyi, ka ba takardar gefenka na dama, kai a miƙe. Ka rufe ido ka ɗaga hannu, sannan ka buɗe. In hannun ya kauce, ba shi za ka karkato ba, ƙafar baya za ka gusar. Hannun hagu kuwa a cusa shi a aljihu, don in yana reto duk jiki zai bi shi.

A cikin samarin akwai wani dogon Bafulatani daga wata ruga a wajen Gayam. In ya kafa ƙafa sai ka rantse turke aka binne. Da aka ce wani mai horarwa zai zo daga Kaduna ya ɗauki mutum ɗaya don gasa, kowa ya san kujerar tasa ce.

Ranar da baƙon ya zo sai ga yayan mahaifin saurayin, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya zo ganin wannan abu da ke raba yaronsa da shanu. Muka ajiye masa benci a inuwa, ta hagun layin harbi. Ashe wurin nan daidai ne inda ƙirjin mai harbi ke fuskanta.

Saurayin ya shiga layi, ya gyara ƙafa, ya sa hannu a aljihu. Yana ɗaga kai sai ga shi ido da ido da Baffansa. Nan take ya zare hannun kamar ya taɓa garwashi, ya sunkuyar da kai, kafaɗa ta rusuna. Harbin farko ya tafi gefen takarda. Na biyu ma haka. Baƙon Kaduna ya dube ni, ya dubi agogo.

Na matsa na ce a hankali, "Kai, ina hannunka?"

"Malam, Baffa ne fa," ya ce da ni, bai ko ɗago ba.

A Jamus yaro zai gaida kakansa hannu a aljihu, ba wanda zai lura. A nan kuwa ka banƙare ƙirji a gaban wanda ya raine ka, ai ka gama zaginsa.

Dattijon ya yafito ni. "Alhaji, wannan ne gwanin naku? Ni dai na ga kaɗanya ce ke cikin haɗari."

Na tsuguna na yi masa bayani. Ya shafa gemu. Na zaci zai ce a mayar masa da bencin baya. Sai ya miƙe, ya dogara sandarsa, ya ɗaga murya.

"Kai! Mayar da hannun nan aljihu."

"Baffa..."

"Ni na ce ka mayar. Ko yau za ka fara yi mini gardama a gaban baƙi? Ɗaga kai! Tun asuba na baro shanu, ba don in kalli tsakar kanka ba."

Samari suka fashe da dariya. Shi kuwa ya cusa hannun, ya ɗaga kai, ya rufe ido ya buɗe, ya ɗan gusar da ƙafar baya. Tsayuwar da ɗazu take rashin kunya yanzu ta zama biyayya, sai jikin ya zauna. Sauran harbin duk a cikin baƙin tsakiya suka taru. Baƙon ya ce ya shirya kayansa, da shi za a tafi.

Da za su wuce na ji dattijon yana ce wa saurayin, "To, an gama. Cire shi."

Tun daga ranar na gane cewa koya wa sabon shiga inda zai sa ƙafa shi ne mai sauƙin aikin. Jiki ba ya tsayawa daram muddin zuciya na ganin laifi take yi. Shi ya sa kafin in gyara wa ɗalibi tsayuwa, sai na fara duba a gaban wa yake tsaye.