Irin Geron Da Ya Ƙare A Hannuna

A wancan lokacin ina koyarwa a wata jami'a a Gusau, ina kuma yin digiri na uku kan inganta irin gero don ya jure fari. Ga aji, ga bincike, sai kuma aka ɗora mini kula da jarrabawar sashenmu. Ban ƙi ba, don ina son a ce ni ma na zama wani. Kullum daga Tsafe nake zuwa, in iso a gajiye, in koma a gajiye.

Na ji labarin wani dattijo a Furfuri mai tsohon iri da ke nuna da wuri ko damina ta yi gardama. Na je na roƙe shi. Ya shiga gida ya fito da ɗan ƙunshi, ya miƙa mini duka, ya ce malami ya tako har ƙofarsa, ai ba a auna masa. Ni ɗan ƙauye ne, na san kara, na san mutanenmu ba sa iya ce wa baƙo babu. Amma ban tambaye shi ko ya rage wani ba. Sauri nake, ana jirana a taro.

Na jiƙa irin gaba ɗaya don gwajin tsiro, da niyyar dubawa bayan kwana biyu. Sai jarrabawa ta taso, yau taro, gobe ƙorafin ɗalibai. Kwana tara ban leƙa ɗakin gwaji ba. Da na buɗe, wari ne ya tarbe ni. Duk ya ruɓe.

Na koma neman ƙari. Matar dattijon ce ta fara fitowa, ta ce iyakarsa ke nan. Ta ce irin mahaifin mijinta ne, shi kaɗai suka iya ɗaukowa ranar da suka gudo daga ƙauyensu, ruwan shuka mijin nata yake jira lokacin da na zo. Da dattijon ya fito, sai ya tambaye ni ko ya tsiro. Kunya ta kama ni, na ce ya tsiro. Ya yi murmushi, ya ce alhamdulillahi, tunda ya shiga hannun masana ba zai ɓace ba.

Na gama digirin da irin kasuwa, yanzu har ni ke shugabantar sashen, amma wallahi ba na jin daɗinsa. Na gaji da wannan nauyi. 'Yan'uwana masu bincike, kada ku karɓi aikin da ya fi ƙarfinku, kuma in talaka ya ba ku abu, ku tambaya ko ya rage wa kansa. Dattijon ya rasu bara, yana zaton irin mahaifinsa na nan a wurina.