Ranar da Rufi Ya Ɗiga a Sparkbrook

Shekara uku na yi a Manchester ina bincike a kan yadda manyan daulolin zamanin da suka ɗauki sarauta. A Mali, sarki ba ya yi wa talaka magana baki da baki, sai ta bakin wani. A Sin kuwa cewa suke sama ce ke ba sarki mulki, in aka ga ambaliya, to ta karɓe abinta. Duk na haddace wannan, amma ban gane ina da sarki a dangi ba.

Kawuna likita ne a Birmingham, kuma shugaban ƙungiyarmu ta 'yan arewa tun ina firamare. Zaɓe? Ana yi mana, duk sanda ya tuna. Shi ne zai je unguwar Levenshulme a Manchester ranar Asabar ya nema mini auren yarinyar da nake so, don ba ni da wani babba a ƙasar nan sai shi.

Saura kwana shida a je neman auren, aka ce in yi wa ƙungiya lacca a zauren da muke taro a unguwar Sparkbrook ta Birmingham. Ni kuma shehin malami, sai na zaɓi maganar Sin. Ina cikin bayanin ambaliya ruwa ya kece. Rufin da aka shekara biyu ana cewa kwamiti na dubawa ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, cikin bokitin da ke gefen kujerar Kawu. Wani akanta ya tuntsire da dariya, zaure ya ɗauka. Wallahi da na ja bakina da na tsira. Ina! Daɗin dariya ya kwashe ni, na ce ai mutanen Sin ba sa jiran kwamiti.

Washegari na je gidansa, na durƙusa a kan kafet.

"Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Suɓutar baki ce."

Bai ko dube ni ba. Ya juya wajen matarsa ya ce, "Hajiya, tambaye shi ko shehi ya kwana lafiya."

Hajiya ta tambaye ni, alhali tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Ga Mali nan a falo, babi na biyu na bincikena, ni ne talakan.

Na roƙa ta bakinta har sau uku. Can ya ce, "Ki gaya masa Asabar ina da zaman kwamiti. A kan rufi."

A Levenshulme an dafa abinci, an jira har la'asar. Mahaifin yarinyar ya ce ba ya ba da 'yarsa ga wanda manyansa ba su tako ba. Na yi kuka a bas, ba zan ɓoye ba.

Rufi kam an gyara shi kafin sanyi ya shigo. Wani injiniya a ƙungiyar ne ya tsaya a kan aikin, yaro mai ladabi, ba ya lacca. Shi ya auri yarinyar bara. Kawu ne ya je nema masa.