Ƙahon da Aka Yi wa Baba

Likitocin Yamai sun ce jijiyoyi biyu ne suka toshe a zuciyar Baba, aikin kuma kashi biyu ne. Ɗaya suka buɗe ta nan take: suka zura siririn tiyo ta wuyan hannunsa har zuciya, suka bar wani ɗan ƙarfe a ciki ya tokare ta. Ɗayar kuwa sai wuƙa, za a tsaga ƙirji a yi wa jini wata hanya, amma sai ya ƙara ƙarfi tukuna. Namu kawai mu mayar musu da shi da ransa. Suka ba shi ƙwayoyi masu tsinka jini, suka ja mini kunne cewa in ya daina sha, jini zai daskare a kan ƙarfen.

Na kai shi gida Sukukutane, na nanata wa Inna zancen ƙwayoyin har bakina ya gaji, sannan na koma lakkol ɗin da nake koyarwa a Dogon Dutsi.

Shi Baba bai taɓa yarda ya warke ba sai an yi masa ƙaho. Tun ina yarinya, duk ciwon da ya kwantar da shi, sai wanzami ya zo ya tsattsaga masa baya ya zuƙe mataccen jini. Wannan karon ma ya aika aka kira shi. Ni ba wanda ya gaya mini. Sun san halina, da na tada musu gidan.

Da aka yi ƙahon, jini ya ƙi tsayawa. Zanen Inna ya jiƙe sharkaf, wanzami na ta dannawa, da ƙyar abin ya lafa. Inna ta dubi mijinta kwance a tabarma, leɓe fari fat, ta kwashe ƙwayoyin ta zuba a masai.

Sai da na zo hutun ƙarshen mako na ga kwalin ba kome.

"Inna, ina maganin?"

"Maganin mi? Wanda ya so ya kashe min shi? Ke ba ki ga jinin ba, ni na gani."

Na yi masifa, wallahi na yi, har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Baba ya ce, "Ke ɗiyar nan, rage murya, lafiyata lau." Na hau babur na koma Dogon Dutsi neman wasu, ina kuka ina zagin yashin hanya. Ina kan dawowa da su a jaka Baba ya dafe ƙirji a ƙofar gida, ya zauna, bai sake tashi ba.

Inna na cikin takaba, wata rana ina tsefe mata kai, ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da ban zubar ba, da yana nan?"

Na ce, "Kwana ne ya ƙare, Inna."

Ta riƙe hannuna, ta tsayar da tsifar.

"Ba shi na tambaye ki ba."