Gida da Tsohuwa a Ciki

Da na gama makarantar horon malamai aka turo ni Ƙaraye in koyar a elemantare. Wani falke ya ba ni aron ɗaki da 'yar rumfa a gefen gidansa, a nan na zauna, a nan kuma matata ta tare. 'Yar Rogo ce. Da cikinta ya tsufa iyayenta suka zo suka tafi da ita goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya, aka sami namiji.

Ba a daɗe da suna ba falken ya kira ni zaure. Ya yi ta gaisuwa, ya tambayi makaranta, ya tambayi mai jego, har ya tambayi kekena, kafin ya fito da maganar: ɗansa ya dawo daga soja, aure zai yi, ɗakin ake so. Ban ga laifinsa ba, har yau ma ban gani ba. Na kwashe tabarmata na koma shagon wani abokin aikina, kayan ɗakin matata kuwa aka jibge su a wata kusurwa a gidan falken. Wato in ta gama wanka, babu inda za ta dawo.

Na hau keke na tafi Rogo na gaya wa surukina. Dukanci yake yi, ban taɓa ganin ya ɗaga kai daga kan fata don wata magana ba. Ya ce, "Malam, ba mu kore ta ba, ba mu kuma riƙe ta ba. Ranar da ka ce ga inda za ta ɗora tukunya, ranar za a rako ta."

Ƙannenta mata kuwa suka sami abin yi. Ina fitowa suka tare ni a bakin ƙofa.

"Malamin makaranta, ko a aji za ka ajiye yayarmu?"

"A'a, a bayan keke za su riƙa kwana!"

Na yi dariya, amma har na isa Ƙaraye maganar tana cina.

Lokacin bai yi wa mai neman gida daɗi ba. Sojoji sun dawo daga yaƙi da kuɗi a aljihu, gyaɗa ta yi daraja, masu awonta suna neman duk wani gida da ke kusa da kasuwa su mai da shi ma'ajiyar buhuna. Kangon da a da za a ba ka don ka hana awaki kwana a ciki, yanzu sai ka ji mai shi yana cewa albarka. Kuɗin gida kuma bai tsaya wuri ɗaya ba. Abin da aka faɗa maka wannan kasuwa, in wata ta zagayo ya ƙaru, wani lokaci kuma ya ɗan sauka, ba wanda zai iya gaya maka dalili.

Masu ba da shawara sun kasu biyu. Wasu suka ce in jira damina, rumbuna su yi ƙasa, mutane su matsu, zan samu da araha. Wasu suka ce azara kullum tsada take ƙarawa, abin da ya hau kuma ba ya saukowa. Halina shi ne, duk wanda ya yi mini magana daga ƙarshe, shi nake ganin ya fi gaskiya. Na duba gidaje da dama. Wani ya yi kusa da marina, wani a Tudun Kaya yake, na ga kamar ya yi nisa da makaranta, ko da yake wataƙila bai kai yadda na ɗauka ba. Wani kuma ban ga aibinsa ba sam, wannan ma ya sa na tsorata. Kafin in gama auna shi an sayar.

Wata ranar kasuwa dillalin da ke yawo da ni ya ja ni gefe. Dillalin shanu ne, gidaje a sha'awa yake haɗawa da su. Ya ce, "Malam, akwai wani gida, amma da magana a cikinsa."

Gidan wani maɗinki ne da ya yi niyyar tafiya Makka ta ƙasa, tafiyar da a wancan zamani ba a sa mata ranar dawowa. Zaure ɗaya, soro biyu, rijiya, da wani ɗakin ciyawa a kusurwar gabas, bishiyar lemun tsami a bakinsa. Maganar ita ce a ɗakin ciyawan akwai gwaggonsa, yayar mahaifinsa, wadda ba ta da ɗa a raye. Kafin mahaifin ya rasu ya yi wasiyya a gaban mutane cewa kada a tayar da ita. Saboda haka duk wanda zai sayi gidan, ɗakinta da lemonta ba sa cikin ciniki muddin tana numfashi. Masu saye da yawa sun zo, da sun ji haka sai su ce za su dawo.

Maɗinkin ya shiga da ni. Muka tarar da ita a gindin lemon tana kaɗi, 'yar ƙaramar tsohuwa, ido tar. Na durƙusa.

"Sannu da hutawa, Gwaggo."

"Hutawa? Ka ga alamar mai hutu a nan? Kai ne na makarantar boko?"

"Ni ne."

"An ce ka leƙa gidajen garin nan kaf, har da akurkin kaji, ba ka sayi ko ɗaya ba."

"Ana dai dubawa, Gwaggo."

"To duba. Ga rijiya, ga soro, ga ni. Rijiyar ba ta ƙafewa, soron yamma yana ɗan yoyo, ni kuma ina tari da asuba, ina faɗa da akuyar maƙwabta. Ban da wannan ba mu da aibi."

Maɗinkin ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ni kuwa na fita da tunani fal ciki. In ta kwanta ciwo, wa ke da alhakin jinya? In wasu dangi suka ɓullo daga baya suka ce ɗakin gado ne fa? In ba su jitu da matata ba? Mutane kuma me za su ce, malami guda ya tara albashinsa ya sayi gida da tsohuwar wasu? Na tambayi liman, ya ce sharaɗi ne, in an faɗe shi a gaban shaidu ya zauna. Na tambayi mai unguwa, ya ce shi da kansa ya ji wasiyyar. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, sai na sake hawa keke zuwa Rogo.

Matata ta fito zaure da goyo, ta zauna nesa kaɗan. Na zayyana mata komai, na fi ma ba da ƙarfi a kan abubuwan tsoro, don kada daga baya a ce na ɓoye wani abu. Ta saurara har na gama.

"Tsohuwar tana da hannu biyu?"

"Tana da su."

"Tana gani?"

"Fiye da ni."

"To ni da nake neman mai riƙe mini wannan in yi daka?" Ta nuna bayanta da haɓa, don ɗan fari ne, ba za ta kama sunansa ba. "Malam, na gaji da zaman gida. Ko da tsofaffi uku ne a ciki, ka saya."

Na ce zan duba. Ta yi mini wani kallo da ban manta ba.

Ina cikin dubawar sai labari ya canza. Wani mai awon gyaɗa ya taya gidan sama da kuɗin da aka faɗa mini, da sharaɗin a mai da tsohuwar wurin wasu dangi na nesa a Kurugu, shi kuma ya rushe ɗakin ya sami filin buhuna. Maɗinkin ya same ni da kansa, fuskarsa duk ta faɗa. Ya ce hanyar Makka doguwa ce, guzuri ba ya yawa, amma ba ya son ya je ɗakin Allah da wasiyyar ubansa a wuya. In zan karɓi gidan da sharaɗinsa, zai bar mini a ƙasa da tayin mai gyaɗa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a taru a zaurensa, ko ni ko wancan.

Ƙasa da tayin mai gyaɗa ɗin ma ya fi abin da ke hannuna. Na tafi Zoza, garinmu, inda yayana ke kiwata mini wani sa, muka kai shi kasuwa. Bai isa ba, na haɗa da keken. Na dawo Ƙaraye a ƙasa, ina tafe ina raya wa kaina cewa ai har yanzu ban ɗaure kaina ba, in na ga dama sai in fasa.

Ranar Juma'a zaure ya cika. Ga mai unguwa, ga liman, ga dillali, ga maƙwabta, ga mai awon gyaɗa da babbar rigarsa a gefe, ga goro a faifai an rufe da ganye. Aka ƙidaya abin da na kawo a kan tabarma. Maɗinkin ya gyara murya ya ce, "Na sayar maka da gidan nan, ban da ɗakin Gwaggo da lemonta, muddin ranta."

Kowa ya juyo gare ni. Na ce, "To, ina ganin, in dai babu wata matsala da za ta taso, kamar abin zai yiwu."

Liman ya ce, "Malam, ba a shafa fatiha a kan ina gani. Ka saya ko ba ka saya ba?"

"Allah gafarta malam, abin da nake nufi shi ne, idan aka duba..."

Sai muka ji murya daga bayan zanan da ya kare ƙofar cikin gida. Ashe tsohuwar tana nan tun ɗazu.

"Ku ƙyale shi ya je ya yi shawara da kekensa!"

Dillali ya ce, "Ai Gwaggo, ya sayar da keken."

"La ilaha! To da wa zai yi shawara yanzu?"

Zaure ya kece da dariya, har liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Ni ma na yi. Na tuna kallon nan na zauren Rogo. Na ce, "Na saya." Muryata ta fi yadda na yi niyya ƙarfi.

Aka shafa fatiha, aka raba goro. Mai awon gyaɗa ya miƙo mini hannu ya ce, "Allah ya sanya alheri, amma ka saya da tsada, Malam." Ina fita wani maƙwabci ya raɗa mini cewa na tsinci dami a kala. Daga baya kuɗin gidaje ya ɗan sauka, ya sake hawa, ya sake yin abin da ya ga dama. Ba zan iya rantsuwa a kan wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba.

Maɗinkin ya kama hanya bayan ya yi sallama da kowa. Na sa magina suka yaɓe soron yamma, na ɗauka shi ke nan. Gwaggo ta leƙa ɗakin ta ce, "A wannan ƙasar za ka shimfiɗa wa mai jego? Sai an yi daɓe." Ba ta jira amsata ba. Ta aika gida-gida, ta sa na sayo makuba da hatsin fura, ta kuma ce kada in kuskura in shigo, aikin mata ne. Ran nan ina aji ina koyar da lissafi, ina jiyo ƙarar madaɓai daga nesa, tim, tim, da waƙa da guɗa. Yara suka lura ina murmushi ni kaɗai a gaban allo. Da yamma aka bar ni na leƙa. Ƙasan ɗakin ya yi sumul, ja-ja-wur, yana ƙyalli kamar bayan sabuwar ƙwarya. Aka kwaso kayan matata daga gidan falke, matan unguwa suka jera su yadda suka ga ya dace.

Na aika Rogo. Surukina ya cika alkawari. Da hantsi sai ga su, mata a jere da ƙoren gara a ka, jaki a baya ɗauke da buhu, ƙannen nan masu tsiya a gaba suna tambayar ina ajin yake. Gwaggo ta tare su tun daga zaure, ta ɗaura sabon zane, ta sha kwalli.

"Kawo mini angona in gani. Kai, tubarkalla! Wannan ai ya fi ubansa kyau. 'Yar nan, shiga ki huta, ruwan zafi na kan wuta."

Matata ta shiga ta zagaya gidan. Ta leƙa rijiya, ta taka daɓen da tafin ƙafa, ta tsinki lemo ɗaya, Gwaggo ta ce wannan kyauta ne, na gaba sai da izini. Da ta zo wucewa ta kusa da ni, duk da yawan mutane, na ga haƙoranta.

Na koma zaure na zauna a kan buzu. Hayaƙi ya fara tashi daga madafa, ina jin kukan yaron da muryar tsohuwa tana masa wasa, mata suna ta kai da kawo. Can sai wani ya yi sallama a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum. Mai gidan yana ciki?"

Ina zaune ina jiran a amsa masa. Sai da ya sake maimaitawa sannan na miƙe da sauri, na ce, "Amin, alaikumus salam. Ga ni, bismilla, shigo."