Takardar da Kaka Ta Ɗaura a Gwiwa

Laifina ɗaya ne, kuma ƙarami: na kalli rubutun da ban taɓa gani ba na ce Larabci ne. Sauran duk laifin Armeniyawa ne, da suka zauna suka ƙirƙiri baƙaƙe kamar an kifar da kwandon ƙugiyoyi.

Kakata ce ta sayo rigar sanyi a wajen masu gwanjo na kasuwar Tudun Wada. Za ta wanke ta, ta zura hannu a aljihu, sai ga takarda a ninke. A gidanmu takarda mai Larabci ba ta zama a ƙasa. Kaka tana da gwangwanin madara a saman sif, duk guntun da ta tsinta nan take cusa shi, har da kwalin dabino. Ita ba ta karatu, don haka ni ne alƙali. Ni ke cewa wannan a adana, wancan a zubar, ita kuma tana kirana malamin gida a gaban baƙi. Shekarata goma sha biyar, kuma wannan sarauta ita ce duk abin da na mallaka a duniya.

Ranar akwai maƙwabta biyu a tsakar gida suna taya Inna tsince wake.

"Mai gidan, zo ka duba mana," in ji Kaka, don haka take tsokanata.

Na karɓa na duba. Wasu baƙaƙen kamar kofi a tsaye, wasu kamar kofi a kife, wasu kamar sandar tsoho. Babu wanda na gane. To ni a lissafina rubutu iri biyu ne a duniya, boko da Larabci. Wannan ba boko ba ne. Ga mata huɗu sun zuba mini ido.

"Larabcin mutanen da ne," na ce. "Ba kowa ke iya shi ba."

Na ɗora yatsa daga dama ina motsa leɓe. Na saci kallon Kaka na ga tana murza ƙafarta, sai na ce addu'ar ciwon gwiwa ce.

Nan take ta yagi tsohon kallabi ta ɗaure takardar a gwiwa. Kwana uku ta ce ta samu sauƙi. Kwana biyar labari ya kai Tudun Jukun, tsofaffi suka fara aikowa a ara musu. Saura kaɗan in nemi rawani. Kaka ta sa ranar Litinin za ta kai wa baduku ya ɗinke ta a fata, ni kuma na ƙosa Litinin ta yi, domin abin da aka ɗinke ba mai ƙara dubawa.

Ranar Asabar Yayata ta dawo daga jami'arsu da ke unguwar Kongo. Lauya take karanta, kuma tun da ta fara sa baƙi da fari take ganin duk gidan masu laifi ne. Ta ga ƙulli a gwiwar Kaka, ta tambaya, aka ba ta labari. Ta kalle ni sau ɗaya, ta kwance kallabin, ta haska takardar da wayarta.

"Armeniyanci ne."

"Wane malami ne shi?" in ji Kaka.

"Ba malami ba ne, Kaka, harshen wata ƙasa ce can kusa da Turkiyya. Sanarwa ce ga mazauna wani bene, wai za a ɗauke ruwa don gyaran famfo, kowa ya tara."

Mai hankali a nan yake shiru. Ni kuwa na gyara tsayuwa na faɗa wa harshen da faɗa. Na ce wannan ma har rubutu ne? A Larabci alifu yana tsaye cak kamar soja, baƙaƙe suna riƙe da hannun juna har ƙarshen kalma. Nasu kuwa kowane baƙi zaman kansa yake, kamar 'yan haya masu gaba, kuma duk sun sunkuya kamar masu neman allura a ƙasa.

"Daga hagu ake karanta shi," in ji Yaya. "An ce kai ta dama ka fara."

"To ka ji. Ko hannun da ake cin abinci da shi ba su sani ba."

Ta ci gaba da latsa wayar tana karanto mini: baƙaƙensu talatin da tara, kuma harshen bai haɗa dangi da Larabci ba, ya fi kusa da Farisanci da Girkanci. Na ce harshen da sai ya tara baƙi talatin da tara kafin ya iya cewa an ɗauke ruwa, ai abin tausayi ne. Larabci da ashirin da takwas ya cika ɗakunan malaman cikin birni har rufi.

Yaya ta ce, "Su wasalinsu a cikin kalma suke rubuta shi, yaro ma ya karanta. Kai fa, malam, in aka cire maka fataha da kisira? Kuma akwai Armeniyawa a Labanan da Sham da suke jin Larabcin da ko a mafarki ba ka ji ba."

"Sun gane nasu bai ishe su ba ne."

Kaka ba ta bi mu cikin wannan gardama ba. Tana ta juya takardar a hannu.

"To ni yanzu sauƙin da na samu fa, in mayar?" Ta dube ni. "Mai gidan, ashe sanarwar famfo ka ɗaura mini. Kwana shida ina gaida ta da safe."

Inna ta shige madafi tana toshe baki. Baba, wanda ashe yana zaure yana jin komai, ya shigo da wani littafin Larabci mai jan bango, marar wasali ko ɗaya, ya buɗe tsakiya ya miƙo mini.

"Bismillah, malam. Wannan na mutanen yanzu ne."

Layin farko na lallaba na wuce da tari biyu. A na biyu na tsaya cik.

Kaka ba ta ƙara miƙo mini takarda ba. Ranar Litinin Baba ya kai ta asibiti aka duba gwiwar, ni kuma ya rubuta sunana a ajin safe na Asabar da Lahadi a Islamiyya, inda har yanzu nake zama a bencin baya saboda tsawona yana tare wa yara allo.