Gimba Mai Caji da Tagar Madam

Lokacin da Dije take takabar mijinta a Mile 2 Diobu, cikin Fatakwal, wuta ta ɗauke a unguwar ta ƙi dawowa. Ɗakinta ba taga, ko da rana sai da lalube. Wata safiya ta ji ana buga ƙusa a bakin ƙofarta. Gimba mai shagon caji ne, ya jawo wayar wuta daga shagonsa ya rataya mata ƙwan lantarki guda. Bai tsaya a gode masa ba. Cewa kawai ya yi Inna ta samu ta ga karatunta, ya wuce fuu kamar ana kiransa.

Haka tafiyarsa take kullum. Ya yi dako a babbar kasuwar Anacha, ya ja okada a Inugu, ya wanke kayan ciki a kwata. Ba garin da damina ta taɓa zagayowa ta same shi. Ko a sahun salla, ana sallamewa ya miƙe. Shagon nan na Fatakwal, da farantan sola biyu a kan kwanonsa, shi ne abu na farko da ya zaunar da shi.

Sai ga matsala ta faɗo daga sama. Da rana ta karkata bayan azahar, gilashin farantan sai ya ɗauki haskenta ya watsa cikin tagar bene, ɗakin Madam mai gidan. Mijinta tsoho ne, an yi masa aikin ido. Madam ta sauko ta zazzaga masa masifa da Turancin broka, ta ce ko ya sauke madubansa ko ya bar mata shago ƙarshen wata. Dije ba ta ga laifinta ba. Daga inda take tsince wake tana hango tsohon ya lulluɓe fuska da tawul.

Gimba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya juya farantan, inuwar bene ta rufe su, batir ya ƙi cika. Ya lulluɓa musu buhu da rana, masu waya suka koma wani shagon. Yini guda yana hawa tsani yana sauka. Daga nan ya tare wani mai haɗa sola da tambaya, ya dawo yana haki. A cewarsa akwai wani shafi da ake yi wa gilashi, na wasu ƙwayoyi da suka fi garin kwalli laushi nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsu. Su ne ke sa gilashin ya shanye haske maimakon ya tofar da shi.

"Inna, ashe hasken da ke damun tsohon nan nawa ne yake gudu. Cikin batir ya kamata ya shiga."

Washegari ya hau mota sai Anacha. Ya dawo da wata kwalba mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa, ya shafa da kyau. Da azahar ta yi, farantan suka ɗau ƙyalli kamar sabon tire. Man goge mota aka sayar masa. Manu mahauci ya tsaya da wuƙarsa a hannu yana kallon sama.

"Sarkin yawo, ka buɗe shagon aski mana, tunda ga madubi ya samu."

Gimba ya rufe shago ya ce zai je Inugu. Dije ta ga yadda yake duban titin tasha, ta san irin duban, ta ce a ranta shi ke nan, an yi an gama. Ta dai sa shi a addu'a. Kwanaki suka tafi, shago a garƙame, wata kuwa yana ta ƙarewa.

Ana gab da cikar wa'adi sai ga shi a keke napep, ya rungume farantai biyu. Waɗannan tun daga masana'anta aka yi musu shafin, sun yi duhu kamar rinin shuni. Ya ɗora su. Bayan azahar rabin layin ya fito, Madam ta tsaya a tagarta ta riƙe ƙugu. Rana ta karkata. Abin da ya taɓa bangon bai wuce ɗan dishi-dishi ba. Can sai tsohon ya sauke tawul, ya leƙo yana tambayar me aka taru ake kallo. Madam ta ja labule, ba ta sake zancen tashi ba.

Amma shafin yana da sharaɗi. Baƙin hayaƙin nan na Fatakwal kullum sai ya kwanta a kai, kuma ba a sa masa soso ko omo, sai ruwa da tsumma mai laushi, in ba haka ba ya ɗaye, ƙyalli ya dawo. Gimba bai yarda da hannun kowa ba. Ke nan kowace safiya sai ta same shi a Diobu.

Ya yi kwanaki yana zagaya shagon kamar wanda aka ɗaure wa ƙafa. Rannan bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar Dije, ya durƙusa, ya tura mata tsohuwar jakarsa ta tafiya.

"Inna, ki sa min wannan ƙarƙashin gado. Ko na zo ina rantsuwa cewa kwana ɗaya zan yi, kada ki ba ni."